Sunan Ɗan Tunkiya

Kakata ta wajen uwa maginiyar tukwane ce a Ushafa, kuma ba ta yi mana tatsuniya sai ranar ƙona tukwane. In an jera su, an lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, an cinna wuta da magariba, dole wani ya tsare. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno, mu jikoki mu kewaye ta, fuska zafi, baya sanyi. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga wata na ciro daga wuta, mai tsoron ƙuna ya matsa." Ba mai matsawa.

Wadda na fi so ita ce ta tunkiya. Kura ta cinye mata ɗa ɗaya tilo. Dabbobi suka cika gida zaman makoki, kowa ya shigo sai ya ce, "A yi haƙuri." Can sai ga kura ita ma, da maiƙo a baki, ta fi kowa ɗaga murya wajen ba da haƙurin. Tunkiya ta tashi. Ta jefa dutse a wuta har ya yi jajir, ta lulluɓe shi da kitse, ta miƙa wa kura wai sadakar mamaci. Kura, uwar kwaɗayi, ta haɗiye ba tauna. Mukan yi ta tafi muna birgima a ƙasa, ni har cewa nake a ƙara mata wani dutsen.

Wata rana na ce, "Kaka, shi ɗan tunkiyar yaya sunansa?"

Ta tura itace cikin wuta, ta harare ni. "Ke da shegen tambaya. Wa ya sani? Uwarsa ma sunan kura take kira safe da yamma."

Na ɗauka ta manta ne, tsufa.

Bara tifa ta take mini ɗa a Nyanya, yana tsallaka titi da jakar makaranta. Direban, Iliya, ya gudu, aka kama shi, aka ba da belinsa. Ogansa ya zo ta'aziyya cikin shadda mai maiƙo, ya ce mini, "Hajiya, sai haƙuri, ƙaddara ce." Wallahi da akwai dutse a wuta ranar, da na ba shi. Na tsani kalmar haƙuri kamar mutuwata. Ƙannena biyu da ke lodi a tasha sun san inda Iliya yake ajiye mota, sun san inda yake cin abinci. Kullum sai su ce, "Yaya, ki ce a yi kawai." Kuma saura kaɗan in ce.

Maƙwabciyata ce ta ja ni wajen Madam Rifkatu, wata 'yar Filato da ke zama da waɗanda aka yi wa rasuwa a wani ɗan asibiti. Na je ne don in huta da naci. Matar nan ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ba ta kuma ce in yafe ba. Ta bar ni na yi ta zazzaga. Iliya ya yi kaza, Iliya zai gani, Iliya ba zai mutu a kan gado ba. Mako bayan mako haka.

Rannan ta bari na gaji, sai ta ce da Hausarta ta 'yan Abuja, "Maman, na san Iliya yanzu sosai. Amma yaronki fa, yaya sunanshi? Wane abinci yake so?"

Tun ranar jana'iza ban kira sunansa ba. Sai na ji ƙanshin hayaƙin Ushafa, na gane Kaka ba mantawa ta yi ba.

Ban yafe ba, kar a yi mini ƙarya. Allah ya isa tsakanina da Iliya, kuma duk zaman kotu ina kan benci na gaba don ya riƙa ganin idona. Amma na ce wa ƙannena su fita harkarsa. Ya ɗauke mini yaro, ba zai haɗa da bakina ba, in yi ta kiran sunansa safe da yamma.

Sunansa Sadiku. Yana son ɗanwake da yaji mai yawa, yana ci yana hawaye, ba ya dainawa.