Layin da Ya Ratsa Idonta

Yana gabana a shagon kayan hoto, wani dattijo siriri, maganin wanke hoto ya rine masa farata. Ya baje hotuna masu kala a kan kanta. Duk mace ɗaya ce, tana dariya a bakin taga, kuma kowanne da siririn layi da ya ratsa idonta na hagu.

"Robobin injina ne, masu jan takarda," in ji shi. "Na kwance su, na goge da buroshin haƙori, na canza magani. A ba ni sababbi."

Mai shagon ko kallonsa bai yi ba. "Baba, wa ke kawo irin robobin nan yanzu? Juya takardar kafin ka sa ta a inji. In layin ya canza wuri, robobi ne. In yana nan a idonta, fim ɗin hoton ne ya karce."

Dattijon ya shiga tattara hotunan ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar.

Ina jin gidansa akwai ɗakin duhu na wanke hoto, da 'ya'ya masu mitar warin magani. Ina kuma jin tuni ya juya takardar, ya ga layin yana nan a idonta. Amma roba ana sayenta. Matar nan kuwa, da alama ta tafi inda ba a sake tsayawa bakin taga.

A bakin ƙofa ya waiwayo. "In an kawo, a ajiye min."

"To," in ji mai shago, yana ta latsa wayarsa.