Sifirin Alhaji Garba

Duk daɗewata a aikin jinya, akwai wata Talata da ta ƙi fita raina, ranar da Majo ta ɗaga takardar gado na huɗu ta ce, "Madam Habiba, wannan bawan Allah me yake yi a wurinmu? In lafiyarsa ƙalau, a sallame shi ya koma kasuwa." Majo, ga waɗanda ba na asibiti ba, ita ce shugabar ma'aikatan jinya ta sashe. Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Sashenmu a Garwa na masu ciwon daji ne da ya fi ƙarfin magani. Ba ma warkarwa. Namu mu rage musu zafi, mu kuma kula da 'yan'uwan da ke zaman jinya. Ƙa'ida ita ce safe da yamma ka tambayi marar lafiya zafin da yake ji, daga sifiri zuwa goma, ka rubuta. Da wannan lamba likita yake auna ruwan morfin, maganin rage zafi. In lamba ba ta hau ba, magani ba ya hawa.

Mai gado na huɗu Alhaji Garba ne, tsohon ɗan kasuwar goro, ciwon ya riga ya ci ƙashin bayansa. Matarsa ta rasu, ɗansa yana Kuseri wajen fatauci, sai matar ɗan, Dija, ita ke jinyarsa. Kwana tara ina tambayarsa, kwana tara yana cewa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." In na matsa ya ce, "Sa sifiri, 'yata." Ni kuwa da takardun shaidata da duk shekaruna a aiki, sai in sa sifiri in wuce. Har misali nake yi da shi a wurin masu raki. Kun ji wauta.

Da Majo ta gama da ni, na fita neman Dija. Na same ta a gindin dogonyaro bayan sashe, tana zura 'ya'yan carbi a sabon zare.

"Karo na uku ke nan," in ji ta. "Matse shi Baba yake yi har ya tsinke."

"To me ya hana ki faɗa?"

Ta dube ni kamar na zage ta. "Haba Madam, surukina ne fa. In ce na ga yana murƙususu? Da wane bakin?"

Duk sa'ad da na yi wa Alhaji tambayar nan, Dija tana zaune a tabarma gefen gado. Dattijo irinsa ba zai yi nishi a gaban matar ɗansa ba ko da wuƙa ake yankarsa. Ita kuma ba ta matsawa, kada dangi su ce ta bar shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, ni ce fa har nawa surukin ya bar duniya ban taɓa cin loma a gabansa ba. Na san abin nan sarai, rigar aiki ce ta mantar da ni.

Muna da abin da muke kira awar masu jinya. Bayan azahar su taru a ɗaki guda, su sha shayi, su miƙe ƙafa, mai kuka ta yi kukanta. Dija ba ta taɓa leƙawa ba. Da na gaya wa Majo, ta zo da kanta, ta tsaya a gaban Alhaji ta ce, "Dija, tashi. Dokar asibiti ce, ba roƙo ba." Ta yi haka ne don laifin ya hau kanmu. Alhaji ya ce, "A bi doka." Dija ta yafa gyale ta fita.

Na tura ƙofa, na sake tambayar.

"Ta yi nisa?" ya ce.

"Ta yi nisa, Baba."

"Takardar taki a goma ta tsaya?"

"A goma."

"To sa goman. Sauran tsakanina da Ubangijina." Hawaye na gangarowa cikin kunnensa, murya kuwa kamar mai tambayar farashin goro. Ya ƙara da cewa, "Kada yarinyar nan ta ji. Tana ƙoƙari."

Kafin la'asar likita ya ƙara magani. Da Dija ta dawo ta tarar yana minshari, ta daɗe tsaye tana kallonsa, sannan ta zauna ta rufe fuska da gyale. Kwana goma sha shida ya ƙara a duniya. Ya sha kunu, ya yi salla a zaune, ɗansa ya iso suka yi maganar da za su yi. Allah ya jiƙansa.

Don haka ku sababbin ma'aikata, kafin ku buɗe baki ku tambayi mutumin nan namu inda ke masa ciwo, ku duba wa ke zaune a ɗakin. Mai jinya kuma a waje ake tambayarta. Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba, kunya ce, kuma mu ne ya kamata mu ba ta hanya. Ni ban ba ta ba sai da dattijon nan ya sha wuyar kwana tara, kuma sa hannuna ne a ƙarƙashin kowane sifiri.