Inna Tambaya Mai Kazar Tsamiya da Zuma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Sau biyu ina yage takardar ina cusa ta a murhu. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, kuma ni ko a gidan suna ba a jin muryata, balle a jarida. Ga shi wadda zan yi magana a kanta ba ta son yabo. In ka tsaya kana yi mata sannu da aiki, sai ta ce ka gusa kana tare mata iska. Amma ranar Juma'a mai zuwa ɗanta Muktar zai tafi da ita Gusau a yi mata aikin yanar ido, likita kuwa ya riga ya ce bayan aikin ita da hayaƙi sai dai kallo daga nesa. Na ga in na yi shiru, wutar da ta shekara ashirin da bakwai tana ci a unguwarmu za ta mutu ba wanda ya ce uffan.

Sunanta Inna Tambaya. A nan Bungudu, ko yaro ka tambaya gidan mai kazar tsamiya zai nuna maka. Ta fara sana'ar ne bayan rasuwar mijinta, da kaji biyu da rabin duro da aka huda masa ƙasa, kuma da ita ta raini 'ya'ya biyar.

Da ta idar da sallar asuba, tsamiya take fara jiƙawa a ruwan ɗumi, tun kafin ta ɗora koko. Hantsi na fitowa maƙwabcinta Malam Umaru ya shigo da wuƙarsa ya yanka mata kajin ranar, galibi shida, ranar kasuwa takwas. Ta fige, ta gyara, ta tsaga kowace ta ƙirji ta baje ta, ta bi tsokar da bakin wuƙa don haɗi ya sami hanyar shiga. Sannan a ji turminta: citta, tafarnuwa, albasa, masoro, kanumfari, gishiri, barkono ɗan kaɗan. Ta tace tsamiyar ta zuba a kai, ta ɗiga man gyaɗa, ta cuɗe kajin a babbar tukunyar ƙasa ta rufe da faifai. Daga nan ko gwamna ne ya aiko, ba mai buɗe tukunyar sai an yi azahar. Takan ce kaza ma tana son a ba ta lokacinta.

Gawayin ƙirya kaɗai take hurawa, kuma ba ta ɗora wayar gashi sai harshen wutar ya kwanta, garwashin ya yi furfura. Zumarta daga Karakkai take zuwa, wurin wani dattijo, Malam Dalhatu, mai amya a kan itatuwan gonarsa. Zumar nan ita ce ƙarshen aiki. Sai kaza ta gasu ta yi ja kamar gyaɗar da aka soya, sannan Inna ta dama zuma da ruwan tsamiyar da ta ware tun da safe, ta tsoma gashin fiffike ta shafa, ta juya sau biyu, ta sauke. In aka yi gaggawar shafawa, zumar ta ƙone, fatar ta yi baƙi ta yi ɗaci alhali cikin bai nuna ba. Sirrin ke nan, kuma da ido ake gane lokacinsa.

Tun da aka ba mu jiha, Gusau ta zama babban birninta, ma'aikata da yawa a nan suke kwana, su yi sammako zuwa Gusau. Malama Hassana na cikinsu, tana koyarwa a can. Ga wahalar mota, ga kalanzir ya zama sai an sha layi. Takan dawo gab da magariba a gajiye, yara huɗu na jira. Sai ta biya ta wurin Inna ta karɓi rabin kaza a ganye, ta je ta dafa shinkafa fara, ko ta yanka burodi da albasa, abincin dare ya kammala. Ita da bakinta ta gaya mini cewa ba don Inna ba da tuni ta ajiye allin ta zauna gida. Gidaje irin nata ba su ƙirguwa.

Ni kuwa shaidata ta jikina ce. Haihuwata ta fari, bara waccan, zazzaɓi ya kama ni cikin jego. Bakina ya yi ɗaci, kunun kanwa ko warinsa ba na so, nono ya fara ɗaukewa, 'yata Bara'atu sai kuka. Rana ta uku da la'asar sai ga Inna Tambaya ta ɗaga labule da kwano a hannu. Na sunkuyar da kai na ce ba zan iya ba.

"Wa ya ce ki ci?" in ji ta. "Riƙa mani kwanon ɗai, ɗiyata, hannuna ya gaji."

Ta ɗora mini shi a cinya, ta buɗe murfin, ta juya wurin surukata suka shiga hirar tsadar gero kamar ba na ɗakin. Ƙamshin ya yi ta hawa. Na ɗan taɓa fatar na lasa. Tsamin ya tsinka mini yawu, zaƙin ya biyo baya. Kafin su gama da gero su koma kan dawa, ƙashi ne kawai a kwanon. Ko waiwayowa ba ta yi ba, ta miƙa hannu ta ɗauki abinta ta ce sai gobe. Kwana bakwai tana zuwa. Daga baya na ji ashe duk mai jegon da ke unguwar nan tana da cinya ɗaya a tukunyar Inna, kuma wanda ya kawo maganar biya sun ɓata.

Yau kusan shekara biyu idonta na yin hazo. Muktar ya yi lallashi har ya gaji, tana cewa ba ta da lokacin kwanciya asibiti. Ranar Asabar da ta wuce ne abin ya yanke. Ina wurin, na je karɓar wa maigidana kaza. Mas'udu direba, wanda ke jigila tsakanin Gusau da Tsafe amma ba ya kwana sai ya zo nan ya ci kazarta, ya sauko daga mota yana kaɗa makulli. Sa'an jikanta ne, don haka wasan jika da kaka suke yi.

"Amarya, mi anka aje wa maigida yau?"

"Maigidan da ko buhun gawayi bai taɓa sawowa ba? Zamna nan ka jira kamar kowa."

Ta duƙa ta leƙa kazar, ta ga kamar ta yi ja, ta shafa zuma. Ashe da saura. Kafin cikin ya nuna, bayan ya yi baƙi ƙirin. Duk muka gani. Ta naɗe ta miƙa masa. Mas'udu ya zauna a kan benci ya cinye tas, har yana tauna ƙashi, ya ce, "Yau ma ta yi, amarya."

Inna ta ce, "Mas'udu, idona na ya mutu, ba hancina ba. Allah shi yi maka albarka, amma ƙonanna na ba ka."

Ta ajiye gashin fiffiken a bakin kwano, ta aika a gaya wa Muktar ta yarda. Malama Hassana, da ita ma ta zo saye, ta ce to wa zai riƙe wutar? Inna ta ce mutum huɗu ta kira su koya a shekarun nan, kowa na son ci, babu mai son hayaƙi. Ina tsaye da kwanona, na so in ce ni zan koya, kunya ta hana ni. Na karɓi kazata na tafi gida.

Inna, ke ce kika ciyar da unguwa guda ba ki taɓa hawa kujerar gaba a wurin taro ba. Ke ce mai shiga ɗakin da kowa ya gaji da lallashi, ki fito da kwano wayam. Uwar masu jego, mai wuta ba gaggawa. Idon nan ba a banza ya tafi ba, a kanmu ya ƙare. Na gode, Bara'atu ta gode, ko da yake ba ta san albarkacin wa nonon da ta sha ya dawo ba. Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya mayar miki da ganinki ki ga jikokinki tar.

Ku kuma masu karatu, na tabbata kowane gari da tasa Inna Tambaya. Wata ƙosai take toyawa, wata fura take damawa, wata daddawa. Ku je ku gaishe su tun suna ji. Wanda ke da hannu biyu da sauran ido, ya durƙusa ya koya, don sana'a ba ta bin jini, mai zama kusa da ita take bi.

A nan na dasa aya. Abin da ke ƙasa daga baya na ƙara shi.

Ranar Litinin da la'asar na ɗaure fuska na je na karanta mata, don bai kamata a kai sunan mutum jarida bai sani ba. Na yi tuntuɓe a karatun ya fi a ƙirga. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Da na gama ta ce:

"Wannan na ƙarshen, na durƙusawa a koya, wa kika rubuta wa?"

Na ce, "Mutane, Inna."

"To. Ke ba mutum ba ce? Takarda dai ba ta juya kaza, Saude."

Na naɗe takardata. Na dawo gida na gaya wa maigidana ina so in koyi sana'ar Inna, ina kallon ƙasa. Ya yi dariya ya ce shi dai in dai za a riƙa ajiye masa fiffike, ya yarda.

Washegari da safe na jiƙa tsamiya kafin in ɗora koko. Na kama zakarana ja na kai wa Malam Umaru ya yanka, na goya Bara'atu, na yi sallama gidan Inna. Ba ta ce sannu da zuwa ba, turmi ta nuna mini. Na daka, na tace, na cuɗa, na rufe da faifai, muka zauna jiran azahar tana gaya mini kwana uku suka rage mata, kada in ɓata su da kunya. Da na ɗora kazar a wuta, zumuɗi ya sa na kai hannu ga kwalbar zuma. Ƙarar murfin kawai ta ji, ta buge mini hannu.

"Wace kala ta yi?"

Na ce, "Ta fara ja-ja."

Ta shaƙi hayaƙin ta girgiza kai. "Da saura. Ki duba, ni in shinshina. In munka haɗu ki shafa."

Muka jira. Can na ce, "Inna, ta yi," daidai lokacin da ita ma ta buɗe baki za ta faɗa. Ta lalubo gashin fiffiken daga bakin kwano ta sa mini a hannu.