Naɗi Talatin da Uku na Munzali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran taubashina, Injiniya Munzali Ma'u, a gidansa da ke Daura.

Munzali, ko a nan ma sai da ka yi mini shigar sauri, alhali na girme ka.

Kai ne ka hana batir hutawa a garin nan. Wanda masu rediyo suka yar, sai ka tsince shi ka ce, "Da sauransa." Aikinka ke nan, haɗa 'yar na'urar da ke ɗaga ƙarfin wuta, batir ɗaya da ya gaji ya yi aikin biyu. In ka gama sai ka kanga ta a leɓe. In ta yi ɗumi, ka warware, wai wutar da ta tafi a zafi almubazzaranci ce.

Da kunnena ya yi nauyi, na sayi abin ji, amma batirinsa sai Kano. Ka ce, "Kurma, kawo nan." Ka ciro zobe daga mataccen ƙwan lantarki, ka naɗa masa siririyar waya, ka haɗa mini abin da bai fi kwalin ashana ba, abin jin ya koma aiki da batirin rediyo. Shekara shida ina jin huɗuba, da surutun jikokina, da tsiyarka.

Washegarin rasuwarka wayar naɗin ta ƙone. Masu gaisuwa na shigowa, bakuna kawai nake gani suna motsi. Wallahi na tsorata, na ce ka tafi da kunnena. Sharfaddeen mai gyaran rediyo ya ce zai sake naɗin, amma sau nawa? Tsohuwar ta narke, kai kuwa ba ka rubuta komai.

Sai matarka Rabi ta yi dariya cikin hawaye, ta ɗaga murya yadda zan ji: "Yaya Sabiru, ai da tasbihi yake yi! Kowane zagaye Subhanallah, kamar bayan salla."

Sharfaddeen ya naɗa talatin da uku, yana tasbihi. Ranar addu'ar uku na sa abin a kunne. Farkon abin da na ji shi ne Liman yana ambaton sunanka, na ce amin a daidai wurinta.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowane zagaye a mizaninka. Rabi, da 'ya'yansa Khairat da Audi, da dukkan dangi, Allah Ya ba mu haƙuri. Ku yi ta yi masa addu'a, ina ji.