Kaka da Fatalwar Baturiya

Har yau idan na ji ƙamshin hayaƙin lubban, sai in tuna shekarar da na kusa kayar da yayata a jarrabawa.

Gidanmu a unguwar Misfala ta Makka yake, tsohon bene matsattse. Yaya tana karatun Turanci a jami'a, aka ba su wata tsohuwar waƙar Turawa su haddace. Kullum bayan La'asar sai ta hau saman gida inda muke shanya, tana kai da kawowa tsakanin igiyoyi, tana ɗaga hannu, wani lokaci da raɗa, wani lokaci kamar mai faɗa. Shekarata bakwai a lokacin. Na leƙa ban ga kowa tare da ita ba, sai na sauko na gaya wa Kaka cewa Yaya na hira da wanda ba a gani.

Kaka, wadda ta zo Makka daga Kano tun tana yarinya, ba ta wasa da maganar aljanu. Ta ƙwace littafin, ta turara ɗakin har muka fito muna tari, sannan ta aika a kira malaminmu na Alƙur'ani, wani ɗalibi ɗan Sakkwato. Saura kwana biyu jarrabawa, Yaya sai kuka take.

Malam ya ce a fassara masa tukuna. Daga bayan labule Yaya ta yi bayani: wata mata ce ta mutu, amma kullum sai ta dawo gidanta ta tsaya bakin taga, ba ta cewa komai.

"To me take so?" in ji Kaka.

"Ba a faɗa ba, Kaka. Abin da za a tambaye mu ke nan."

"An yi mata sadaka?"

"Babu a waƙar."

"Halas, shi ke nan, ga amsa nan. A binne baiwar Allah ba addu'a ba sadaka, sannan a zauna ana yi mata waƙa."

Malam ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya samu kansa ya ce matattu ba sa dawowa, takarda kuma ba ta da aljani. Kaka ta mayar da littafin, amma sai da ta yayyafa masa zamzam har shafukan suka manne. Washegari ta soya waina ta raba wa yaran layi sadaka saboda matar waƙar. Malam ya ce ba ya jin ladan zai kai ga Baturiyar. Ta ce ko bai kai ba, ai yara sun ƙoshi.

A jarrabawa Yaya ta rubuta cewa matar na dawowa ne don masu rai ba su sauke haƙƙinta ba. Ita ta fi kowa maki. Har Kaka ta rasu tana gaya wa baƙi cewa ita ma ta taɓa cin jarrabawar Turanci a jami'a.

Yanzu an rushe gidan, otal ne a wurin, mun watse zuwa unguwannin Rusaifa da Hindawiyya. Yaya ce ke koyar da waƙar. Ta ce ɗalibanta na kwaso amsoshi iri-iri daga waya, amma ba a taɓa samun wadda ta tambaya ko an yi wa matar sadaka ba.