Baba Zakka, Mai Jinyar Gadar Ƙarfe

Kullum kafin hantsi ya ɗaga za ka ga Baba Zakka ya gangaro daga Sabon Gari, guduma a hannu ɗaya, galan ɗin baƙin mai a ɗayan. Sai ya shige ƙarƙashin tsohuwar gadar ƙarfen nan da ake haurawa zuwa Fagge, wurin da kai ko leƙawa ka yi sai ka toshe hanci. Nan yake kankare tsatsa, ya shafa mai, ya ɗaure notin da ya saki. Mai walda ne, mutumin Wusasa, da ƙuruciyarsa ya zo Kano. Babu wanda ya ɗauke shi wannan aiki. Rumfarsa ce ke bakin gadar, ya ga tana lalacewa, ya kasa kau da kai.

Dattawa sun ce da ragowar ƙarfen layin dogo aka yi ta tun zamanin Turawa, don masu tafiya a ƙasa kawai. Yau kuwa baro-baro na gishiri daga kasuwar Singa, ga babura, ga 'yan gwangwan da ke kwance duk abin da ya kwantu. Masu alhakin gyaranta sukan zo su duba, su kaɗa kai, su shiga mota.

Abin kunyar ma, mu ne muka fi cin ta. Gindin ginshiƙanta ya zama wurin tsuguno, fitsari ya ci ƙarfen har yana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Baba ya rubuta gargaɗi, aka yi fitsarin a kan rubutun. Ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Daga ƙarshe ya je wurin Malam Gana mai wankin hula, ya roƙe shi su share wurin, su zuba yashi, su jera duwatsu a yi filin salla. Malam Gana ya ce ya daɗe yana kallonsa, yana mamakin Kirista da wannan shawara. Baba Zakka da kansa ya ɗebo yashin, ya ƙera musu wurin ajiye butoci. Tun ranar da aka shimfiɗa tabarma babu wanda ya sake kwance wando a nan.

Kai ne ka san mu fiye da yadda muka san kanmu, Baba. Ƙi-gudu, mai aikin da ba a gani.

Amma gindi kawai ya tsira. Tsakiyar gadar tana kan ruwan ƙazanta, tururinsa na cin ta daga ƙasa, shi kuma hasken walda ya gama da idanunsa. Da damina ta wuce bana, da hannu ya bi ƙarfen yana lalube, sai yatsansa ya nutse a cikin babban ƙarfen da ke ɗauke da kowa. Malam Gana ya ce ya ga Baba ya fito ya zauna a ƙasa.

Washegari ya jawo injinsa, ya gitta ƙarafa a bakin gadar ta kowane gefe, ya liƙe su. Wallahi ranar ya sha zagi. 'Yan dako suka ce gadar ubansa ce? Fanta mai abinci, wadda yanzu sai ta yi dogon zagaye da tukwanenta, ta tsaya a kansa tana huci.

"Baba, ka kashe mini kasuwa."

"Na sani, 'yata," ya ce. "Gara ki zage ni da bakinki da a ce ni zan tsamo ki."

Wannan ce waldarsa ta ƙarshe. Yanzu yana gida, 'yarsa Tabitha ke ja masa hannu zuwa coci. Raina yana ɓaci duk sanda na tuna cewa zagi ne sallamar da muka yi masa.

Mun gode, Baba Zakka, Allah ya saka maka. Ku kuma masu hali da masu iko, ku zo ku gyara ta, matasan da suka iya walda su karɓi gudumarsa. Kada ku jinkirta, don jiya na ga an yanke ƙarfe ɗaya daga cikin waɗanda ya gitta, mata da goyo suna sunkuyawa suna wucewa.