Ranar da Muka Tuɓe wa A-kori-kura Kwalliya

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Rano babu wanda ya kai ni sanin mota alhali ko keke ban mallaka ba, wani abokina ɗan Kibiya ya ja mu wata tafiya da har yau in muka haɗu sai mun yi dariyarta.

Abokin nan nawa yana da wata tsohuwar a-kori-kura ta mahaifinsa. Marigayin manomi ne, da ita yake kai albasa da masara kasuwa, in kuma naƙuda ta kama wata a unguwa ƙofarsa ake bugawa. Bayan rasuwarsa motar ta zauna a ƙofar gida har tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suka mayar da ita ɗakin kwana. Yayyensa suka ce a kira 'yan gwangwan su auna ta kowa ya huta, shi kuma ya ce atafau. Da magana ta kai gaban mahaifiyarsu sai ta ce a bar masa ya gwada, in ya kasa tayar da ita sai a sayar.

Muna da wani aboki bakanike a Rano, mutum mai ƙiba da saurin fushi, amma in ya kasa kunne a jikin inji sai ya gaya maka abin da ke damunsa. Shi ya karɓi aikin. Ni kuma aikina miƙa sifana da ba da shawarar da ba wanda ya nema. Aka daɗe ana fama, har ranar da motar ta yi tari, ta yi atishawa, ta tashi. Abokina ya ɗauke ta hoto a waya yadda take, ya aika wa wasu masu shirya taron masu sha'awar motoci a Abuja, don ya ga suna da ɓangaren tsofaffin motoci. Ba mu ɗauka za su kula ba, sai ga amsa wai an karɓe ta, a kawo ta.

A teburin mai shayi abokina ya ba da labari, babban yayansu yana zaune. Yayan ya kurɓi shayinsa ya ce, "To shi ke nan. In mutanen Abuja suka bar wannan gwangwanin ya shiga filinsu, na janye maganar sayarwa har abada. In kuwa suka koro ku, kada ku wahalar da kanku, daga can ku zarce da ita wajen masu awo." Kowa ya ji, kowa ya shaida.

Mu a saninmu, in aka ce za a nuna abu a bainar jama'a to kwalliya ake nufi. Ba a kai amarya da kayan aikin gida, ba a fita sallar idi da rigar gona. Don haka muka duƙufa, garin ma ya taya mu. Tela ya ɗinka wa kujera riga ta jan karan-miski har da geza. Mai sayar da kayan babur ya ba da fitilu shuɗaye aka jera a ƙarƙashinta. Wani ya kawo hon mai kiɗa, wani furen roba, wani murafun taya masu ƙyalli. Duk inda fenti ya koɗe muka manna sitika, ga zaki, ga mikiya, ga dabino. Ni gudummawata wani farin mayafi ne mai gashi kamar bayan tunkiya, na shimfiɗa shi a gaban mota ina jin na gama wa abokina komai. Fenti ne kawai ya tsira, shi ma don mai fentin ya tafi biki ƙauyen Durba bai dawo da wuri ba. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to mu tamu miyar hannuwan ne suka yi mata yawa.

Ranar tafiya bayan sallar asuba muka yi sallama. Mahaifiyar abokina ta fito zaure ta yi mana addu'a, ta ba mu dambu a kwano da ƙullin fura. Mu uku muka cusa kanmu a gaba, mai mota a sitiyari, bakanike a bakin taga, ni a tsakiya saboda ni ne siriri. Kafin mu kai Rurum ƙafata ta dama ta daina amsa sallama.

Amma fa mun ji daɗi. Duk ƙauyen da muka ratsa sai yara sun biyo mu da gudu, masu babur suna ɗaga mana hannu. Da muka hau babban titin Zariya ne muka gane matsayinmu, domin motar tana da iyakar gudunta, in ka matsa mata sai ta fara rawar sanyi. Tireloli maƙare da kaya suna wuce mu, bakanike yana leƙa kai yana ce musu, "Ku je, gaggawa aikin shaiɗan!"

Hon ɗin nan kuwa ashe wayarsa ta taɓa wani wuri, duk ramin da muka faɗa sai ya kama kiɗa da kansa. A wani shingen bincike, daidai lokacin da abokina ya rage gudu yana gyara hula don a ga kamala, sai muka taka kwalta mai tudu, hon ya saki kiɗa. Jami'in da ke wurin ya zagaya motar yana riƙe dariya, ya leƙo ya ce, "Ina amaryar?" Bakanike ya nuna ni. Har muka bar wurin ana tafa hannu.

Gaba da Zariya kaɗan murfin taya ɗaya ya fice, ya wuce mu a guje, ya faɗa gonar dawa. Aka ce ni ne siriri, ni zan bi shi. Na dawo da shi da ƙaya a wando, na tarar lagireto ya tafasa, su biyun suna zaune a gindin ɗorawa sun buɗe dambu ba su jira ni ba. Wani Bafulatani da ke kiwo a wurin ya taimaka mana da ruwa, ya tsaya yana kallon motar, can ya ce shi dai bai taɓa ganin mota mai gashi ba. A Kaduna muka kwana gidan gwaggon bakanike, da safe muka ɗauki hanya.

Da hantsi muka isa. Layin motoci ne a ƙofar filin, tsofaffi ƙwarai, wasu ma sun girmi tamu, amma kowace fes, babu ko ɗigon ado. Wallahi har tausayinsu na ji. Na ce wa abokina, "Dubi bayin Allah, ko sitika ɗaya ba su samu ba. Yau kam mun cinye."

Mai duba motoci a ƙofar wani dattijo ne mai furfura, da kati rataye a wuya. Ya dubi wayarsa, ya dubi motarmu, ya sake duban wayar.

Ya ce, "Samari, ina motar da kuka turo hotonta?"

Abokina ya ce, "Ai ga ta nan, Alhaji. Gyara ta muka yi."

"Wannan ba gyara ba ne, ɓoye ta kuka yi. Nan ɓangaren motocin da aka bari yadda aka ƙera su ne. Waccan ta hoton muka gayyata, wannan ban san ta ba."

Bakanike ya fara hayaniya, wai daga Kibiya muka taso, wai an san wahalar da muka sha kuwa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce da azahar za a rufe karɓar motoci, in mun iya fito da ta hoton kafin nan, bismillah, in ba mu iya ba mu ajiye ta a waje mu shiga kallo kamar kowa.

Muka gangara gefen titi, ido ya raina fata. Abokina ya kifa kai a sitiyari. Na san abin da yake gani: teburin mai shayi, da yayansa, da sikelin 'yan gwangwan. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, ga kunyar mayafina mai gashi da ke shimfiɗe a gabanmu.

Bakanike ne ya buɗe ƙofa ya ce, "Ku sauko, malamai. Abin da hannu ya ɗaura hannu ke kwance shi."

Haka muka shiga tuɓe wa amarya kaya a tsakiyar rana. Shi ya kwanta a ƙasa yana cire fitilu yana tsine wa wanda ya kawo su, ni na kama rigar kujera da reza, don telan ɗinkin ƙwarai ya yi mata. Sitika ce ta fi ba mu wuya. Sai da muka zuƙo fetur daga tanki muna jiƙa tsumma muna goge danƙon. Wata mai sayar da abinci a gefe ta ce in dai zubarwa za mu yi a ba ta furannin, muka haɗa mata da geza. Hon kuwa ko da aka cire shi sai da ya yi kiɗan ban kwana a hannun bakanike.

Saura sitika ɗaya, wata babbar mikiya a ƙofar direba, daidai ƙasan taga. Na kai hannu sai abokina ya riƙe ni.

Ya ce, "Wannan a bar ta."

Bakanike ya ce, "Kai mutumina, ana shirin kiran salla fa."

Abokina ya ce, "Wurin ya lalace ne. Babu fenti ko kaɗan, ƙarfe ne tsirara. In suka gani za su ce ruɓaɓɓiya ce." Ya shafa mikiyar, sannan ya ce, "Nan Baba yake ɗora hannunsa in yana tuƙi. Shi ya cinye fentin."

Can shi da kansa ya sa farce ya ɓare ta a hankali, ya goge wurin da hannun rigarsa. Ƙarfen ya yi sumul yana sheƙi, tsawon damtsen mutum.

Muka koma ƙofa, gumi har cikin takalmi, muna warin fetur. Dattijon ya zagaya ta, ya buɗe gaba ya dubi inji, ya yaba wa bakanike, mutumin namu ya kumbura kamar ba shi ne ya gama hayaniya ɗazu ba. Da ya zo ƙofar direba sai ya tsaya, ya shafa wurin nan da yatsa. Abokina ya fara ba da haƙuri, wai mai fenti ne ya yi tafiya. Dattijon ya ce, "Allah ya sa kada ya dawo. Hannun wa?" Aka gaya masa. Ya yi wa marigayin addu'a, ya ɗaga wa masu ƙofa hannu. Ina tsakiya ina kallon abokina lokacin da muke shiga, gwiwar hannunsa tana kan tagar, shi bai ma san ya ɗora ba.

Aka ba mu wuri tsakanin wasu motoci biyu da ko a mafarki ban taɓa ganin irinsu ba. Ba mu ci kyautar komai ba, kada wani ya ce na ƙara gishiri. Amma mutane sun tsaya a kanta, wani ya ce irinta ce ta kai shi makarantar kwana, wani ya roƙi a bar shi ya zauna a ciki a ɗauke shi hoto.

Da la'asar abokina ya kira yayansa ta bidiyo, ya juya wayar ya nuna masa filin da motar a tsakiya. Yayan ya yi gyaran murya ya ce bari ya kai wa Inna. Tsohuwar ta karɓi wayar ta kawo ta kusa da ido, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Yauwa. Wannan ce motar Malam. Waccan da kuka fita da ita jiya ni ban gane ta ba, na dai yi shiru ne don na ga kuna murna."

Muka fashe da dariya, abokina yana dariya yana share ido da hula. Daga bayanta muka jiyo muryar yayan yana cewa, "To ku dawo da ita a hankali, akwai albasar da za a kai kasuwa." Daga ranar ba a sake ambaton 'yan gwangwan a gidan ba.

Mun sha tsiya da muka dawo, musamman wajen tela, wanda ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Amma ni abin da ya zauna mini shi ne, duk cikinmu babu wanda ya yi nufin sharri. Ƙauna ce ta sa muka rufe motar, kowa ya kawo abin da yake gani shi ne kyau, har muka kusa jawo a sayar da ita. Tun daga lokacin na rage saurin gyara abin mutane. In na shiga gidan tsoho na ga kujerar da ta lotsa ko tabarmar da ta cinye a gefe ɗaya, nakan fara tambayar wa yake zama a nan.

Motar tana nan a Kibiya, tana zuwa kasuwa da ƙafarta. Ni nawa mahaifin bai bar mota ba, kuma in na ga abokina ya wuce da hannunsa a kan tagar nan, ina taya shi murna, ina kuma ɗan jin kishi.